Inda aka kwana a aikin allon aikatau na Sifaniyanci

11 ga Janairu, 2025

An sayo manyan kwalaye uku, an ja musu layi. Aikin shi ne a ɗauki aikatau mai bin ƙa'ida na Sifaniyanci a bi shi ciki da bai, kowane lokaci da kowane yanayi, da bayanin Hausa a gefe, saboda mu huɗu da ke zama a zaure ranar Asabar bayan la'asar. Ƙanena ne ya fi matsuwa, don maigidansa yana da harka a Malabo, can Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci ne harshen ofis da na makaranta. Sauran biyun, ɗaya mutumin Maraɗi ne da ya yi boko da Faransanci, ɗayan kuma almajirin ilimi ne da ya sha haddar tasarifin Larabci, muna ce masa Malam. Ni nawa rubutu ne da jan layi.

Aikatau na Sifaniyanci gida uku ne, kuma daga wutsiyar kalma ake gane gidan: -ar, -er, -ir. Hukumar harshen da ke Madrid, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, tana ba da misali da amar, temer da partir. Ban bi ta ba. Na ɗauki hablar (yin magana), comer (ci) da vivir (zama ko rayuwa), don su mutum zai nema tun ranar da ya sauka daga jirgi. Ban da haka, amar so ne, kuma ba zan tara samari a ƙofar gida suna rera "ina so, kina so, tana so" maƙwabta na ji ba.

Lissafin aikin: lokuta biyar masu kalma guda a yanayin ba da labari, wanda suke kira indicativo, uku a subjuntivo, wato yanayin so da fata da shakka, amma ɗayansu siga biyu gare shi, kowanne da layi shida. Sigogi 54 ke nan, ban da umarni. Bayansu akwai lokuta takwas masu kalma biyu.

18 ga Janairu

An gama lokaci mai ci. Hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan. Como, comes, come, comemos, coméis, comen. Vivo, vives, vive, vivimos, vivís, viven.

Abin da na rubuta da manyan baƙaƙe a saman kwalin farko shi ne bambancin ginin harsunan biyu. Mu muna cewa na yi, ina yi, zan yi, nakan yi, in yi. "Yi" yana nan bai motsa ba, abin da ke gabansa ne ke ɗauke da wanda ya yi da lokacin da aka yi. Su kuwa saiwar ce a gaba, habl-, kayan duka suna wutsiya. Shi ya sa Bahaushe, da ya saba kasa kunne a farkon jimla, yakan bari ƙarshen kalma ya wuce shi, alhali nan labarin yake. Kuma shi ya sa ba sa damuwa da faɗin yo (ni) ko tú (kai) sai in za a jaddada. Hablo kaɗai jimla ce.

Malam bai ga abin tsoro ba. Ya ce wanda ya haddace katabtu, katabta, katabti, har da musanna, layi shida ai hutu ne. Abin da ya ba shi mamaki shi ne babu mace babu namiji: hablas ya ɗauke kana da kina, habla ya ɗauke yana da tana.

Hablo yana iya zama "ina magana" ko "nakan yi magana". In ana son a nuna yanzu-yanzu abin ke gudana, sai a ce estoy hablando, estoy comiendo, estoy viviendo.

Na leƙa gaba na ga gidan -er da na -ir Hassan da Usaini ne. Sun rabu a comemos da vivimos, da coméis da vivís, da umarnin jam'i comed da vivid, sai lokaci mai zuwa da ɗan'uwansa condicional, na "da na yi", inda ake ɗora wutsiya kan cikakkiyar kalmar. Sauran duk bakinsu ɗaya. Don haka an haɗe su a kwali guda, na ukun ya zama na misalai.

25 ga Janairu

Gardama a kan layi na biyar, na vosotros, wato "ku". Mutumin Maraɗi ya ce a goge shi, tunda daga Meziko har Ajantina ba mai amfani da shi, ustedes hablan suke cewa, da ustedes a matsayin "ku". Gaskiya ne, har a cikin Sifaniya ma mutanen Tsibiran Kanari da na yammacin Andalus ustedes suka fi riƙewa. Amma sauran Sifaniya vosotros suke ce wa abokai da yara, kuma ana jin sa a Ikwatoriyal Gini, wadda sai 1968 ta fita daga hannun Sifaniya. Tunda can ƙanena ya nufa, layin ya zauna.

Usted, "kai" na girmamawa, yana ɗaukar sigar wanda ba ya nan: usted habla, ba hablas ba. Wannan bai ba kowa wuya ba da na tuna musu yadda muke tsayawa gaban babba mu ce "Alhaji zai sha ruwa?" ga shi kuwa muna kallonsa.

Vos, wato "kai" na Ajantina, Urugwai, Faragwai da yawancin Amurka ta Tsakiya (hablás, comés, vivís) na sa shi da fensir a gefe. Duk mai sauraron hirar 'yan ƙwallon Ajantina zai ci karo da shi.

1 ga Fabrairu

Yau aka zo wurin da, a ganina, shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya.

Shuɗaɗɗen lokaci, abin da aka yi aka gama: hablé, hablaste, habló, hablamos, hablasteis, hablaron. Comí, comiste, comió, comimos, comisteis, comieron. Haddar ba wuya. Wuyar tana tsakanin hablo da habló. Baƙaƙe ɗaya, wasula ɗaya. Ka danna gaɓar farko, kai ne kake magana yanzu. Ka danna ta ƙarshe, wani ne ya yi magana tun jiya. Mai yin ya sauya, lokacin ya sauya, ba abin da ya motsa sai nauyin murya.

Ƙa'idarsu gajeriya ce. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, nauyinta yana kan gaɓar kusa da ta ƙarshe. Wadda ta ƙare da wani baƙin daban, nauyin yana kan ta ƙarshe, kamar hablar. Duk wadda ta saɓa wa haka sai a ɗora wa wasalinta ɗan layin nan da suke kira tilde. Wato ba ado ba ne, kuma wanda ya bar shi ya rubuta wata kalma daban.

Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai neman rigima ne." Na rubuta masa "ya zo" a takarda na ce ya karanta. Ya karanta da dogon wasali. Na ƙara "da" a gaba, ya gajarta shi. Na goge na sa "ina so", ya sauke murya. Ya zo, da ya zo, ina so ya zo: abu uku da rubutu ɗaya, kuma ba ya taɓa rikita su a baki, domin kunnensa ya girma da karin sauti da tsawon wasali. Rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu, sai mai karatu ya gane daga zancen. Nasu yana nunawa. In akwai wanda bai kamata ya yi kuka da hablo da habló ba, Bahaushe ne.

Sai dai a kula, nauyin gaɓa ba karin sauti ba ne, kuma ba a jan wasali yadda muke ja. Wasulansu biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, amma babu dogo babu gajere. Wanda abin ya fi kamawa shi ne mutumin Maraɗi, don Faransanci kullum ƙarshen zance yake dannawa, sai hablo ɗinsa ya riƙa fita kamar habló. Kuma a Faransanci alamar da ke kan é tana nuna irin wasalin ne, ba nauyi ba.

Daga yau na ɗauki jan biro ina ja wa gaɓar da ake dannawa layi a ƙarƙashi, a kowace siga, ko da tilde ko babu. Na koma kan na makonnin baya ma na ja musu.

Ƙananan abubuwa: hablamos ɗaya ne a lokaci mai ci da wanda ya shuɗe, haka vivimos, amma comemos da comimos sun rabu. Za a ji masu harshen da yawa suna cewa hablastes da s a ƙarshe, amma ba a rubuta shi a daidaitaccen harshe. H ba a furta ta, sai an yi ta kwaɓar bakinmu a kan wannan. V da b kuwa sauti ɗaya ne, wanda ya yi mana daidai.

8 ga Fabrairu

Imperfecto, mafi sauƙin siga a allon: hablaba, hablabas, hablaba, hablábamos, hablabais, hablaban, sai comía da vivía. A duk faɗin harshen aikatau uku kacal suka karya ƙa'ida a nan, ser, ir da ver. "Ni" da "shi" siga ɗaya suke, don haka a wannan lokacin an fi jin ana faɗin yo.

Sanin inda za a sa shi ne aikin. "Ina magana" namu ba shi da ranar kansa, yana shiga yau, yana shiga jiya: jiya ina magana sai ya shigo. Sifaniyanci ba ya barin haka, dole ka zaɓa: hablaba cuando entró. Dabarar da muka kama daga yadda ake ba da labari a Hausa ita ce, shimfiɗar zance, yana tafiya, rana tana zafi, duk imperfecto ne. Abin da ya zo bayan "sai", sai ya ga, sai ya tsaya, shi ne mai wutsiyar -ó. "A da nakan ci" kuma comía ne. Ba ta rufe kowace ƙofa ba, amma ta fi dogon bayanin da na gani a littattafai amfani.

Sunayen lokutan sun so su rikita mu. Wani wuri a ce imperfecto, wani a ce copretérito, abu ɗaya ne. Na biyun daga tsarin Andrés Bello ne, mutumin Banizuwela da ya buga nahawunsa a Cile a 1847, kuma har yanzu da sunayensa ake koyarwa a makarantun Meziko. Na rubuta duka biyun.

22 ga Fabrairu

Lokaci mai zuwa bai ci mana zama guda ba. Ba a yanke komai, cikakkiyar kalmar ake ɗauka a ɗora wutsiya, kuma wutsiyar ɗaya ce a gidajen uku: hablaré, hablarás, hablará, hablaremos, hablaréis, hablarán. Asalinta aikatau haber ne da ya manne a baya, hablar he, hablar has, hablar ha. Mutumin Maraɗi ya gane nan take, don haka parlerai ya samu a Faransanci. Condicional ma hanyar ke nan: hablaría, comería, viviría.

A bakin mutane, musamman a Latin Amurka, voy a hablar ya fi yawa, wato a yi amfani da "tafiya" a nuna gaba, kamar yadda "za" namu yake a "za ni kasuwa" da "zan saya". Wani aikin da hablará ke yi shi ne zato. ¿Dónde vivirá? yana iya zama "ko a ina yake zaune?", ba maganar gobe a ciki.

15 ga Maris

Azumi ya tsayar da zaman zaure. Ni kaɗai nake ɗan taɓawa bayan asham, na cike lokuta masu kalma biyu. Haber ke juyawa, hablado, comido, vivido suna tsaye: he hablado, había hablado, habré hablado, habría hablado. Nan ne kawai ginin ya yi kama da namu. Ba a raba kalmomin biyu, kuma hablado ba ya sauyawa don mace ko jam'i. Hube hablado na sa shi da ƙananan baƙaƙe, don a rubutun adabi kawai za a gan shi.

A Madrid, wanda ya ci abinci yau zai ce hoy he comido. A Meziko da Buwenos Aires hoy comí ya fi zama, haka a Galisiya da Asturiyas da Kanari. Na rubuta gargaɗi a gefe kada wani ya ɗauka "sun ci" shi ne han comido, "suka ci" kuma comieron. Namu rabon ginin jimla ke kawo shi, nasu kuwa ko lokacin yana haɗe da yanzu ko ya yanke.

5 ga Afrilu

An dawo bayan Sallah, aka shiga subjuntivo, wanda ake ta tsorata mutane da shi. Sigar musayar wasali ce kawai: gidan -ar ya ɗauki e, sauran biyun su ɗauki a. Hable, hables, hable, hablemos, habléis, hablen. Coma, comas, coma. Viva, vivas, viva.

Tsoron ba namu ba ne. Muna da irinsa, muna amfani da shi tun safe har dare: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su. Ina so ka yi magana, quiero que hables. Don ka ci, para que comas. Kafin ka ci, antes de que comas. Kada ka ci, no comas. Mu ci, comamos. Allah ya sa ya yi magana, ojalá que hable. Muka jera su a kwalin misalai, layi bayan layi suna faɗawa daidai. Malam ya ce rabonsa da jin daɗin darasi irin na yau tun ranar farko.

Inda hanya ta rabu shi ne abin rubutawa, kuma wurare ne sanannu. Mu muna cewa "ina so in yi magana", su kuwa in mai so da mai yi mutum ɗaya ne, quiero hablar suke cewa, ba juyi. Shakka tana jawo shi a wurinsu, mu ba ta jawo namu: "ba na jin yana zaune nan", no creo que viva aquí, alhali creo que vive aquí yana nan a yanayin labari. Haka jin daɗi ko baƙin ciki a kan abin da ya riga ya tabbata, me alegra que vivas aquí. Haka "idan" mai ma'anar "lokacin da" a lokaci mai zuwa: idan ka yi magana da shi gobe, cuando hables con él. A wannan Faransanci ya yaudari mutumin Maraɗi, don su bayan quand lokaci mai zuwa suke sawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne wannan. Conozco a alguien que habla hausa: na san wani mai jin Hausa, yana nan, zan iya nuna maka shi. Busco a alguien que hable hausa: ina neman mai jin Hausa, ko akwai shi ko babu, Allah masani. Wasali ɗaya ya raba. Ƙanena ya kwafe na biyun a wayarsa.

Jan biro ya sake samun aiki: hable da hablé.

19 ga Afrilu

Subjuntivo na baya ana ciro shi daga layin ƙarshe na shuɗaɗɗen lokaci. Hablaron, a cire -ron, a sa -ra ko -se: hablara ko hablase, comiera ko comiese. Dabarar tana aiki a kowane aikatau, har masu karya ƙa'ida. Sigar -ra ta fi yawo a baki ko'ina, -se an fi ganin ta a rubutu. A haddace ta farko, a iya gane ta biyu.

Babban aikinsa shi ne "da ... da" namu. Da ina jin Sifaniyanci, da na zauna a Malabo: si hablara español, viviría en Malabo. In abin ya riga ya wuce, si hubiera hablado, habría vendido. "Idan" na abin da zai iya faruwa kuwa lokaci mai ci yake bi, si hablas, ba a cewa si hables. Wani abin da babu a Hausa: mu "ina so ka ci" da "na so ka ci" duk "ka ci" ne, su sai na biyun ya ja da baya, quería que comieras.

Sai na ƙarshe, hablare, subjuntivo na gaba. Ba mai faɗinsa a hira. Yana raye a tsofaffin karin magana da harshen shari'a: dokar hukunta laifuka ta Sifaniya ta 1995, a sashe na 138, da "el que matare a otro" ta fara, wato duk wanda ya kashe wani. Ƙanena ya ce, "Yaya, ni kaya zan je saye, ba kotu za ni ba." Malam ya ce tasarifin da aka bar wa giɓi ba tasarifi ba ne. Na bi Malam, amma da ƙananan baƙaƙe. Dalilina daban ne da nasa: sai da shi ake ganin huɗun nan a jere, hablara, hablará, hablare, hablaré, kuma babu gwajin kunne da ya kai su.

3 ga Mayu

Umarni siga biyu kawai ya mallaka, habla na tilo da hablad na jam'i, sai hablá na masu vos. Sauran aro ne daga subjuntivo, har da duk hani: hable usted, hablen, no hables, no habléis.

Muka gwada allon da kalmomin kasuwa. Comprar, vender, recibir, subir sun bi layi lafiya lau. Pagar ya ba da pagué, buscar busqué, cruzar crucé, recoger recojo. Waɗannan ba su karya ƙa'ida ba, rubutun ne ke sauyawa don sautin ya tsaya yadda yake. Masu yaudara su ne abrir, escribir da romper, da za su bi ka tiryan-tiryan har sai an zo lokuta masu kalma biyu su ce abierto, escrito, roto. Akwai kuma cambiar da enviar, wutsiya iri ɗaya, amma cambio nauyinsa a gaɓar farko, envío a kan i. Wannan sai hadda.

17 ga Mayu

An sake kwafe kwalayen da tsabta, kowa ya ɗauki hoto da wayarsa. Vos ya tashi daga fensir ya koma biro, bisa roƙon mutumin Maraɗi.

Mataki na gaba shi ne aikatau masu sauya saiwa, kuma na riga na gwada ɗora su kan allon. Pienso, piensas, piensa, pensamos, pensáis, piensan. Puedo amma podemos. Duk inda jan layi ya faɗa kan saiwa, e ta zama ie, o ta zama ue. Inda ya koma kan wutsiya, saiwar ta dawo yadda take. Wutsiyoyin lokaci mai ci kuwa su ne dai na kwalayen nan, ba sabo ko ɗaya.

Na so a fara da pensar. Ƙanena ya ce costar, don ¿cuánto cuesta?, wato "nawa ne?", ita ce tambayar da zai fi yi. Da costar za a fara ranar Asabar, shi zai sayo kwalin.